Yadda ake rubuta maƙalar falsafa, daga zaɓen tambaya zuwa miƙa aiki

Abin da ke jawo wa ɗaliban falsafa ƙarancin maki a aikin jinga yawanci ba rashin karatu ba ne. Za ka tarar ɗalibi ya yi karatu sosai, ya cika shafi takwas da "wane ya ce, wane ma ya ce", har da shekarar da aka haifi masanin da garin da ya rasu, amma da malami zai tambaye shi, "To kai fa, a ina ka tsaya, kuma mene ne dalilinka?" sai a ji tsit. Maƙalar falsafa aikinta ɗaya ne: ta ɗauki matsaya guda, ta kawo hujjar da ke riƙe da ita, sannan ta tsaya gaban sukar da ta fi kowace ƙarfi ta ba da amsa. Bayanin da ke tafe an gina shi ne a kan maƙala mai kalmomi 2000 da aka ba ka mako biyu ka kawo, amma haka ake yi wa kowane babi na kundin digiri.

Matse batun har ya koma tambaya

"Falsafar Al-Ghazali" ba batun maƙala ba ne, aikin shekaru ne. "Al-Ghazali da sanadi" ya ragu, amma har yanzu ba tambaya ba ce. Ga wadda za ta yi: a mas'ala ta 17 ta littafinsa Tahafutul Falasifa, wanda ya rubuta don sukar masu falsafa, Al-Ghazali ya ce ganin auduga ta ƙone sa'ad da ta haɗu da wuta bai isa ya tabbatar da cewa wutar ce ta ƙona ta bisa tilas ba. Shin hujjar da ya kawo ta tabbatar da hakan? Wannan tambaya ce da za a iya amsawa da "e", ko "a'a", ko "e, amma da sharaɗi kaza", kuma nassin da za ka dogara da shi 'yan shafuka ne.

Ka gwada tambayarka da abu uku. Mai hankali zai iya ba da amsar da ta saɓa wa taka? Idan ba zai iya ba, babu abin yin hujja a kai. Za ka iya faɗin amsarka cikin jimla ɗaya? Nassin da take buƙata bai wuce shafi 30 ba? Idan ka ga kana son haɗa tambaya biyu, ajiye ɗaya, taura biyu ba ta taunuwa. Ka kai wa malaminka tambayar a rubuce kafin kwana na uku ya wuce, domin gyaran minti biyar a nan yana hana ka asarar mako guda.

Karatu sau uku

Ba a karanta nassin falsafa yadda ake karanta labari. Idan nassin mai nauyi ne, shafi biyar zuwa takwas a awa ɗaya ba jinkiri ba ne, kuma wanda ya ce ya cinye shafi 40 na Kant, masanin falsafar nan na Jamus, a zama ɗaya, a tambaye shi abin da ya gani.

Karatun farko na neman hanya ne. Ka bi nassin daga farko zuwa ƙarshe ba tare da tsayawa a wuraren da suka shige maka duhu ba, ka sa musu alamar tambaya da fensir ka wuce. Abin da kake nema shi ne inda marubucin ya dosa. A karatu na biyu ka nemo natija, wato abin da yake so ka yarda da shi, ka ja mata layi, sannan ka koma baya kana tambayar kowane sakin layi: wane aiki kake yi? Wani sakin layin dalili ne, wani misali ne, wani kuma suka ce da marubucin ya kawo wa kansa don ya amsa ta. A nan ɗalibai da yawa suke faɗawa rami. Al-Ghazali da kansa ya kawo sukar cewa idan babu tilas tsakanin sanadi da sakamako, to mutum zai iya barin littafi a gida ya dawo ya tarar ya rikiɗe ya zama wani abu dabam. Wanda ya yi karatun gaggawa sai ya rubuta cewa wannan ne ra'ayin Al-Ghazali, alhali bakin abokan hamayyarsa ya ara, kuma ya ba da amsa a bayanta. Ka lura da kalmomi irin su "idan aka ce" da "sai mu ce", su ne ke nuna maka wanda ke magana.

Karatu na uku da alƙalami da farar takarda ake yin sa, nassin a rufe. Ka rubuta hujjar da bakinka, ka buɗe ka gwada da abin da ke shafin. Inda suka saɓa, nan ne ba ka gane ba tukuna.

Sai bayan wannan za ka leƙa sharhin wasu. Stanford Encyclopedia of Philosophy, wadda aka fara a 1995, kyauta ce a intanet kuma masana fannin ne ke rubuta ta. PhilPapers kuma ita ce wurin neman maƙalun da aka buga a kan batunka. Ga maƙalar kalmomi 2000, nassin asali da sharhi uku ko huɗu sun wadatar. Idan ka fara da sharhi kafin nassi, za ka riƙa ganin nassin da idon mai sharhin, kuma ba za ka ƙara samun abin da za ka ce na kanka ba.

Jera hujjar da lamba

Wannan shi ne matakin da ya fi kowane muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. Ka fitar da muƙaddimai, wato maganganun da aka ɗora hujjar a kansu, ka sa wa kowace lamba, natija ta zo a ƙarshe. Hujjar wuta da auduga za ta iya fitowa haka:

1. Abin da masu cewa wuta na ƙona auduga bisa tilas suka dogara da shi kawai shi ne gani da ido.
2. Gani da ido yana nuna cewa ƙuna ta faru tare da haɗuwa da wuta, ba ya nuna cewa ta faru saboda wutar.
3. Abin da ya nuna "tare da" kaɗai ba zai tabbatar da alaƙa ta tilas ba.
4. Saboda haka ba su da hujjar cewa alaƙar ta tilas ce.

Da ka jera ta haka, abubuwa suna fitowa fili waɗanda karatu zalla ba ya nunawa. Na farko, natijar ita ce "ba su da hujja", wadda ta sha bamban da "wuta ba ta ƙona komai". Rashin hujja a kan abu bai nuna abin ƙarya ne ba. Idan maƙalarka ta ce wannan hujja ta tabbatar da cewa babu sanadi a duniya, ka ɗora mata kayan da ba nata ba, kuma malamin da ya san nassin zai kama ka a shafin farko. Na biyu, lamba 3 ba lallai ka same ta a rubuce ɓaro-ɓaro ba, kai ne ka ƙara ta domin hujjar ta tsaya. Ƙara muƙaddimar da aka ɓoye halas ne, sharaɗin shi ne ka faɗa wa mai karatu cewa kai ka ƙara, kuma ka zaɓi wadda marubucin zai amince da ita. Na uku, yanzu ka san inda za a kai hari. Lamba 2 tana da ƙarfi, kuma Al-Ghazali ya tokare ta da misalin mutumin da aka haifa da yana a ido, aka cire masa da rana, ya ɗauka buɗe ido ne kaɗai sanadin ganin launi, sai da rana ta faɗi ya gane akwai hannun haske a ciki. Lamba 1 ce mai rauni. Ibn Sina, ɗaya daga cikin masu falsafar da Al-Ghazali ke suka, bai ce gani kaɗai ne ke ba da sanin sanadi ba. A wurinsa, gani mai maimaituwa yana tafiya da wani ƙiyasi na ɓoye, wato hujjar da hankali ke yi ba tare da an furta ta ba: abin da ke faruwa kullum ko mafi yawan lokuta ba dace ba ne. Ke nan tambayar maƙalarka ta ƙara matsewa: shin wannan ƙiyasi na ɓoye ya kuɓutar da masu falsafa, ko shi ma yana buƙatar abin da ake gardama a kansa?

Muƙaddimai uku zuwa biyar sun isa. Idan sun kai goma, ko dai hujja biyu ce ka haɗa, ko kuma kana kwafe nassin ne jimla bayan jimla.

Wanda ya yi karatun zaure ya taɓa mantiƙi, ba baƙon abu zai gani a nan ba. Muƙaddima, natija da ƙiyasi su ne kayan aikin Sullam na Al-Akhdari, waƙen mantiƙin ƙarni na 16 da aka daɗe ana karantawa a Afirka ta Yamma. Shehu Al-Maghili ma, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi rubutu a kan mantiƙi, har suka yi musayar baituka da Suyuɗi a kan halaccin karanta shi.

Tambayoyi biyu da ba a haɗa su

Kowace hujja ana yi mata tambaya biyu, kuma dabam-dabam ake yin su. Ta farko: da a ce muƙaddiman duka gaskiya ne, dole natijar ta zama gaskiya? Wannan batun ƙirar hujja ne. Ta biyu: muƙaddiman gaskiya ne kuwa? Hujja tana iya cin ta farko ta faɗi ta biyu, tana iya kuma zama da muƙaddimai na gaskiya da natija ta gaskiya amma ƙirarta a karye.

Hanyar gwada ƙira mai sauƙi ce. Ka bar tsarin yadda yake, ka sauya abin da ke ciki da wani abu na yau da kullum, ka ga ko za ka samu muƙaddimai na gaskiya da natija ta ƙarya. Ɗalibi ya rubuta: idan mutum yana da 'yancin zaɓi, zai ji a ransa cewa shi ke zaɓa, mutum yana jin haka, don haka yana da 'yancin zaɓi. Sauya kayan: idan an ɗauke wuta, fanka za ta tsaya, fanka ta tsaya, don haka an ɗauke wuta. Ai wataƙila kashe ta aka yi. Ƙirar ta karye, kuma duk hujjar da aka zuba a wannan ƙira ta karye tare da ita, ko da natijar gaskiya ce ta wata hanyar.

Matsala ta biyu da ake yawan samu ita ce kalma ɗaya ta shiga hujja da ma'ana biyu. A batun wuta da auduga, "tilas" tana iya nufin abin da hankali ba zai iya ƙaddara kishiyarsa ba, kamar biyu da biyu su zama huɗu, tana kuma iya nufin abin da ɗabi'ar abu ke jawowa muddin babu abin da ya hana. Idan lamba 1 ta yi amfani da ma'ana ta biyu, lamba 4 kuma ta farko, hujjar ta yi kama da mai inganci alhali ba ta haɗu ba. Maganinsa shi ne ka bayyana ma'anar manyan kalmominka biyu ko uku tun a shafin farko, sannan ka bi maƙalar kana sa bayanin a madadin kalmar a duk inda ta fito. Inda jimlar ta ƙi zama, ma'anar ta zame.

Ta uku ita ce dauri, wato ka sa natijar a cikin muƙaddimai da wasu kalmomi. Alamarsa ita ce wanda bai yarda da natijarka ba, ba shi da wani dalilin da zai sa ya karɓi muƙaddimar.

Yadda ake ƙera misalin da ke karya ƙa'ida

Idan matsayar da kake suka ta ce "duk kaza kaza ne", ko ta ba da ma'anar wani abu da sharuɗɗa, misali ɗaya tak ya isa ya rushe ta, in dai an ƙera shi da kyau. Mafi shahara a wannan fanni ita ce maƙalar Edmund Gettier ta 1963 a mujallar Analysis, wadda ba ta wuce shafi uku ba. Ma'anar "sani" da ya kai wa hari ita ce: mutum ya san abu idan abin gaskiya ne, ya yarda da shi, kuma yana da ƙwaƙƙwaran dalilin yarda. Gettier ya kawo misalai biyu inda sharuɗɗan uku suka cika amma babu wanda zai ce mutumin ya sani.

Ga yadda za ka ƙera naka. Ka ɗauki sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya ka tabbatar kowane ya cika. Wani mutum ya ga babur ɗin maƙwabcinsa a ƙofar gida. Shekara da shekaru maƙwabcin ba ya fita sai a kan babur ɗin, ba ya kuma ba kowa aro. Sai mutumin ya ce a ransa, "Ya dawo a kan babur, ke nan yana gida." Dalilinsa mai ƙarfi ne. Ashe yau babur ɗin ya lalace a kasuwa, yaron bakanike ne ya kawo shi bayan gyara, shi kuwa maƙwabcin tun da rana ya dawo a ƙafa. Yana gida, gaskiya ne. Mutumin ya yarda yana gida. Yana da dalili. Amma dace ya yi, domin hanyar da ya bi ta kai ga gaskiyar ta ratsa ta kan ƙarya.

Misali yana lalacewa ta hanya biyu. Ko dai ɗaya daga cikin sharuɗɗan bai cika sosai ba (da a ce maƙwabcin ya saba ba da aron babur, sai a ce dalilin mutumin ba shi da ƙarfi tun asali, kuma ma'anar ta tsira), ko kuma labarin ya yi tsawo da sarƙaƙiya har mai karatu ya kasa yanke hukunci a kansa. Ka riƙe shi a kalmomi 100 zuwa 150, ka cire duk abin da ba ya aiki. Kuma ka sa ran amsa. Tun a shekarar 1963 Michael Clark ya ba da shawarar a ƙara sharaɗi na huɗu, cewa kada dalilin ya ginu a kan ƙarya, wanda zai kawar da misalin babur. Sai Alvin Goldman a 1976 ya buga misalin matafiyi da ke ratsa yankin da aka kakkafa fuskokin rumbuna na bogi a bakin hanya, ya kalli rumbu ɗaya tilo na gaske ya ce "ga rumbu". Babu wata ƙarya da ya bi ta kanta, amma da yawa suna ganin bai sani ba. Maƙala mai kyau tana iya tsayawa a kan mataki ɗaya kawai na irin wannan musaya.

Suka da raddi

Ka zaɓi suka ɗaya, ko biyu in ta kama, ka ba ta haƙƙinta. Jera suka biyar kana kashe kowace da jimla biyu yana nuna ba ka ɗauki ko ɗaya da gaske ba. Ma'aunin shi ne: da mai wannan ra'ayi zai karanta yadda ka gabatar da sukarsa, zai ce "haka nake nufi"? Idan kana goyon bayan Al-Ghazali, sukar da ba za ka kauce mata ba ita ce ta Ibn Rushd a Tahafutut Tahafut, littafin raddinsa ga Al-Ghazali: muna sanin abubuwa ne ta ayyukan da suka keɓanta da su, don haka wanda ya cire sanadi ya cire abin da ke bambanta wuta da ruwa, ya kuma rushe ilimi gaba ɗaya. Kowace suka ka nuna lambar muƙaddimar da take bugu. Sukar da ba ta taɓa ko ɗaya daga cikin muƙaddimai ba, ba ta kuma taɓa ƙira ba, ƙin natija ne kawai.

Raddi iri uku ne. Ka nuna sukar ta fahimci hujjar a karkace, ko ka nuna ita kanta ta dogara da wata muƙaddima mai rauni, ko ka amince da wani ɓangarenta ka rage faɗin matsayarka. Na ukun ba faɗuwa ba ce, sau da yawa ma shi ne ya fi nuna ɗalibi ya yi tunani. A tuna kuma, auna hujja dabam, yarda da natija dabam. Kana iya riƙe wata aƙida da zuciya ɗaya, ka kuma rubuta cewa wata hujja da aka kawo mata ba ta tsaya ba. Malamin falsafa ba aƙidarka yake sa wa maki ba, tafiyar dalilinka yake dubawa.

Rabon kalmomi

Ga kalmomi 2000, wannan rabo yana aiki: gabatarwa 150 zuwa 200, bayanin nassi da jera hujja 500, hujjarka 600, suka da raddi 600, kammalawa 100. Idan bayanin nassi ya haura rabin maƙalar, taƙaitawa ka yi.

Gabatarwa tana ɗauke da tambayar, amsarka, da hanyar da za ka bi. Misali: "A wannan maƙala zan nuna cewa hujjar Al-Ghazali ta wuta da auduga ta yi nasarar nuna cewa gani kaɗai ba ya tabbatar da tilas, amma ba ta amsa ƙiyasin ɓoye na Ibn Sina ba. Zan fara da jera hujjar, sannan in nuna raunin muƙaddima ta farko, in kuma amsa sukar cewa ƙiyasin Ibn Sina dauri ne." Ka bar buɗewa da "tun fil azal ɗan Adam yake tambaya", ka bar buɗewa da ma'anar ƙamus. Cewa "zan nuna" ko "ina ganin" karɓaɓɓe ne a falsafa, sai dai idan sashenku ya hana. Gabatarwar ita ake rubutawa a ƙarshe, domin matsayar da ka fara da ita ba safai take fita yadda ta shiga ba.

Kowane sakin layi aiki ɗaya. Kalmar da ka zaɓa wa wata ma'ana ka riƙe ta har ƙarshe. A insha'i ana yaba sauya kalma don gudun maimaici, a nan kuwa idan ka ce "sani" a sama ka ce "yaƙini" a ƙasa, mai karatu zai ɗauka abu biyu kake nufi. "Saboda haka" alkawari ne cewa abin da ke biye ya fito daga abin da ya gabata, kada ka sa ta don ado. Tambaya kuma ba ta zama hujja: maimakon "wa zai yarda da wannan?" ka faɗi dalilin da ya sa bai kamata a yarda ba. Maganar da ka ɗauko kai tsaye kada ta wuce layi uku ko huɗu, kuma ka bi ta da bayaninka.

Nuna inda ka samo

Manyan nassoshi suna da lambobinsu na musamman da ba sa sauyawa ko wace fassara ka riƙa. Ayyukan Plato, wanda malamanmu suka sani da Aflatun, ana nuna su da lambobin bugun Stephanus na 1578, lamba da harafi, kamar 514a, inda misalin kogo ya fara a littafinsa Jamhuriya. Na Aristo da lambobin bugun Bekker na 1831, kamar 1094a1, wato shafi, ginshiƙi da layi. Babban littafin Kant na sukar tsantsar hankali yana da bugu biyu, na 1781 da ake wa alama da A da na 1787 da ake wa alama da B, shi ya sa za ka ga A51/B75. Waɗannan lambobi suna gefen shafi a kowace fassara ta kirki. Fassarar da ba ta da su, nemi wata. Ka kuma faɗi sunan mai fassara, domin fassarori suna saɓawa a daidai kalmomin da hujja ta rataya a kansu.

Satar rubutu ba ta tsaya ga kwafe jimla ba. Ɗaukar hujjar wani ka sake mata kalmomi ba tare da ambaton sa ba ita ma sata ce. Yawanci daga littafin rubutun ɗalibi take farawa: ya kwafi sakin layi yana karatu, bayan mako guda ya manta ba nasa ba ne. Tun a lokacin karatu ka sa alamar zance da lambar shafi ga duk abin da ka kwafa. Manhajar Zotero kyauta ce, tana ajiye manazarta tana kuma jera su a salon da sashenku ya zaɓa. Duk manazartar da ba ka buɗe da idonka ba, kada ta shiga, musamman wadda wata manhajar hira ta ba ka, domin irin waɗannan manhajoji suna ƙirƙiro sunan maƙala da lambar shafi da babu su.

Rabon kwanaki da duban ƙarshe

A mako biyu, kwana huɗu na karatu da jera hujja, biyu na sharhi, uku na zubin farko. Sai ka ajiye shi kwana ɗaya cur ba ka duba ba. Sauran kwanakin na gyara ne. Ka rubuta aikin kowane sakin layi a gefensa da kalmomi biyar. Wanda ka kasa, ko dai ya fita ko a raba shi biyu. Ka karanta da babbar murya, inda numfashinka ya yanke jimlar ta yi tsawo. Ka ba wani abokin karatu da ba ya ɗaukar darasin, bayan ya gama ka karɓe takardar ka ce ya faɗa maka matsayarka da dalilinta. Idan abin da ya faɗa ba shi kake nufi ba, gyaran a takardar yake.

Ɗaliban Nijar, inda ake koyar da falsafa a ajin ƙarshe na sakandare ake kuma jarraba ta a bakaloriya, sun taso da wani tsari na Faransa: a fitar da matsalar da ke cikin tambayar, a kawo matsaya, a kawo kishiyarta, sannan a nemi mataki na uku da ya wuce su biyun, kuma ba a bayyana amsa tun a gabatarwa. Jami'o'in da ke koyarwa da Ingilishi sun fi son a faɗi amsa a sakin layin farko. Wanda ya tsallaka daga wannan tsari zuwa wancan ya tambayi malaminsa wanne ake so kafin ya fara zubin farko, ya kuma nemi ganin maƙala ɗaya da ta samu maki mai kyau a wannan sashen.